Bangon ɗaki da lafiyar masu kwana a cikinsa

Jawabin da aka gabatar wa 'yan kasuwa da iyalai a garin Bogo



Malamai da dattawa, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, da 'yan'uwa fatake waɗanda suka taso daga Marwa da Garwa, da waɗanda suka ƙetaro daga Mubi da Maiduguri da Njamena, ina yi muku barka da zuwa. Na san kowa ya bar rumfarsa a hannun yaro, saboda haka ba zan tsare ku da yawa ba.

Maganar bango na zo mu yi, bangon ɗakin da kuke kwana da na shagon da kuke ajiye haja. Wani zai ce ina ruwan ma'aikaciyar jinya da aikin magina? Ku lissafa mini awa nawa jariri sabuwar haihuwa yake yi a cikin ɗaki a yini guda. Ku lissafa na mai jego kafin ta yi arba'in, da na tsohon da ƙafa ta daina kai shi ƙofar gida. Iskar da ke tsakanin bango huɗu ita suke shaƙa dare da rana. Mu da muke bi gida-gida mun sha ba da magani yaro ya warke, bayan mako biyu a dawo mana da shi da ciwon jiya, domin ɗakin da ya kwantar da shi yana nan yadda yake.

A wannan ƙasa tamu bango ɗaya ne ke yi wa yanayi uku hidima. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ne, kuma watan Agusta ya fi kowanne nauyi. Sannan hunturu ya zo da ƙura da sanyin asuba. Bangon da ya iya da ɗaya ya kasa biyu bai gama aikinsa ba.

Mu fara da zafi. Iyaye mata sun san bambancin tukunyar ƙasa da ta dalma. Ta dalma da an ɗora ta ta ɗauki wuta, da an sauke ta huce. Ta ƙasa kuwa sai ta ɓata lokaci kafin ta yi zafi, ta kuma daɗe kafin ta saki. Haka bango yake. Bangon ƙasa mai kaurin kamu guda yana shan zafin rana a hankali, zafin ya yi awoyi yana ratsawa, kafin ya iso cikin ɗaki rana ta faɗi. Shi ya sa zauren kakanninmu yake da sanyi da azahar. Bulon siminti mai kaurin santimita 15, in aka ɗora masa kwano babu silin, tun da hantsi ɗakin ya zama tanda.

Amma kada in yi wa bangon ƙasa yabon da ya wuce gaskiya. Zafin da ya sha da rana yana nan a jikinsa, da dare zai fito da shi. Don haka a bazara dabarar ita ce a rufe taga da ƙofa tun kafin rana ta take, a buɗe su bayan magariba, iskar dare ta kwashe zafin har asuba. Da yawa daga cikinmu akasin haka muke yi: mu buɗe da rana iskar wuta ta shigo, mu garƙame da dare don tsoron ɓarawo. Taga mai sandunan ƙarfe da raga tana maganin ɓarawo da sauro baki ɗaya, ta bar iska ta wuce.

Kuma in za a faɗi gaskiya, mafi yawan zafin ɗakin kwano daga sama yake saukowa. Ku taɓa kwano da azahar a watan Afrilu, ba za ku iya barin hannu a kai ba. Silin na katako yana da kyau ga mai hali. Wanda ba shi da shi, zana ko asabari ko karan dawa da aka jera aka ɗaure da kyau ƙarƙashin kwanon suna rage zafin ƙwarai, muddin an bar tazara tsakaninsu da kwanon, an kuma bar ƙofofin iska masu raga don zafin da ya taru a wurin ya sami mafita. Sai bangon yamma, wanda ranar la'asar ke duka kai tsaye: a yi masa rumfa, ko a jingina masa zana daga waje, ko a dasa darbejiya nesa kaɗan yadda inuwarta za ta kai amma saiwarta ba za ta shiga ƙarƙashin gini ba. Shafa wa bango fari daga waje shi ma yana mayar da hasken rana.

Abin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne jarirai. Jikin jariri bai iya fitar da zafi kamar na babba ba. Idan kuka ga ya rage fitsari, maɗigarsa ta faɗa, ya yi laushi ya ƙi kama nono, ku fitar da shi daga ɗakin zuwa inuwa mai iska, ku rage masa tufafi, ku kawo mana shi ba tare da jiran gobe ba. Wanda bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, a yawaita ba shi, uwar ce za ta yawaita shan ruwa. Tsoho kuma, musamman mai hawan jini ko ciwon sukari, in ya fara sambatu ko ya rikice a tsakiyar zafi jikinsa ya yi rau, kada a ce tsufa ne ko iska. A jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti.

'Yan'uwa masu sayar da magani, ku duba jikin kwalayenku. Galibinsu an rubuta a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, wasu ma 25. Kwalin da ya yi bazara guda jingine da bangon shagon kwano, ranar ƙarewar aikinsa da aka buga a jiki ba ta da sauran amana.

To, mu koma ga laima, wadda a ganina ta fi zafi wuyar ganewa domin a ɓoye take aikinta.

Bari in ba ku labarin kuskurena. Shekarar da na fara ɗaukar albashi na ce zan kyautata wa mahaifiyata. Ɗakinta na ƙasa ne, tsohon gini. Na sayi siminti aka yaɓe shi ciki da waje, aka bi shi da fentin mai shuɗi, yana ta walƙiya, maƙwabta suna shigowa kallo. Damina ta farko ba mu ga komai ba. A ta biyu fentin ya fara kumbura daga ƙasa, wari ya tashi, bayan akwatin kayanta ya yi baƙi ƙirin. Tsohuwa ta kama tarin da ba ya jin magani, da dare ƙirjinta yana shaƙewa. Ranar da aka ƙwanƙwasa yaɓen sai ya yi ƙara kamar ganga, ya ɓallo faifai guda, ƙasar da ke bayansa kuwa jiƙe sharkaf. Da takardar jinyata a hannu na yi wannan aika-aika, don ba a koya mana shi a makaranta ba. Wani tsohon magini ne ya fahimtar da ni da kalmomi kaɗan: ya ce bangon ƙasa yana numfashi, ni kuwa na toshe masa hanci.

Ga yadda abin yake. Yaɓen ƙasa yana tsotsar laimar da ke cikin iska idan ta yi yawa, ya sake ta idan iska ta bushe. Numfashin masu barci, tururin girki, rigar da aka shanya a ɗaki, duk yana karɓa ya mayar. Haka kuma ruwan da bango ya sha daga ƙasa yana fita ta fuskarsa. Siminti da fentin mai ba sa barin ruwa ya wuce da sauƙi. Ruwan kuwa ba ya rasa hanyar shiga, ko ta tushe ko ta 'yar tsaga, sai ya shiga ya rasa ta fita. Ƙasar ta yi laushi a ɓoye, alhali daga waje bango yana sheƙi.

Ba ina cewa siminti abin ƙi ba ne. Yana da gurbinsa: tushen gini, daɓen ƙasa, bakin rijiya, makewayi. Ƙasarmu ta nan, irin baƙar lakar karal da ake dasa masakwa a cikinta, tana kumbura da damina ta dare da rani, ga ta da riƙe ruwa. Mai sabon gini ya ɗaga tushensa da dutse ko jan bulo ko bulon siminti har zuwa gwiwa, ya shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kai kafin ya ɗora ƙasa, don ruwan ƙasa ya rasa hanyar hawa. Buhu biyar da aka zuba a tushe sun fi goma da aka shafe bango da su. Sannan bakin rufi ya fito sosai ya kare bango daga feshin ruwa, indararo ya zubar nesa, a kuma tayar da ƙasa a gindin bango ta gangara waje.

Ba mu manta da ambaliyar 2012 a wajen Maga ba, balle ta 2022 da ta 2024 da suka cinye unguwanni a Yagwa da Kusiri, ga kuma abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Amma ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, kowane Agusta sai mun ji bango ya faɗa wa masu barci. Bango ba ya faɗuwa bai yi gargaɗi ba. Idan jiƙar ta hau ta wuce gwiwa, ko tsaga tana ƙara buɗewa kwana bayan kwana, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, ko ƙasa tana zubowa daga gindinsa, a kwashe yara daga ɗakin a daren nan. Kunyar kwana a zauren maƙwabci ba ta kai zaman makoki ba.

Baƙin da ke fitowa a bango mai laima funfuna ce, irin wadda ke kama tuwon da ya kwana biyu. Tana sakin ƙura mai laushi da ido ba ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan wannan a 2009, inda ta tabbatar cewa zama a gida mai laima da funfuna yana tafe da yawan tari, da shaƙewar ƙirji, da tashin asma, ga manya da yara. Goge ta kaɗai ba ya magani, sai an gano inda ruwan yake fitowa. Kafin nan, a janye gado da akwati da buhuna daga jikin bango kamar tafin hannu biyu, iska ta riƙa bi ta baya.

Masu hatsi, wannan taku ce. Buhun gyaɗa ko masara da ya jingina da bango mai laima yana yin funfunar da ke haifar da guba mai suna afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana taruwa ta lalata hanta, tana cikin abubuwan da ke kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a yankinmu. Ku ɗora buhuna a kan katako, ku raba su da bango, kada kuma a zuba hatsin da bai gama bushewa ba. Wanda ya yi funfuna kada a niƙa shi a sayar da araha, domin gidan talaka zai shiga, 'ya'yansa ne za su sha kununsa.

Da me za a yaɓe cikin ɗaki ke nan? Da abin da muke da shi. Ƙasa mai ɗan yumɓu, da yashi, da wani abu mai zare-zare da zai riƙe su: ramno, ko yankakkiyar ciyawa, ko ƙaiƙayi, ko buntun shinkafa. Buntun nan yana jibge a wuraren casar shinkafa na Maga da Yagwa, inda kamfanin SEMRY yake da gonaki, sau da yawa ƙona shi ake yi. Ba ya saurin ruɓewa, yana hana yaɓe tsagewa, kuma 'yan ramukan iskar da yake bari a ciki suna rage wucewar zafi. A kwaɓa a bar shi ya kwana biyu ko uku ana juyawa kafin a shafa.

Ƙasar kowace unguwa da halinta, don haka ba zan ba ku awo ɗaya in ce shi ke nan ba. Ku gwada. Ku yi kwaɓi uku, kowanne da yawan yashinsa, ku shafa kowanne a bango kamar faɗin faifai, ku bar su su bushe. Wanda ya tsattsage, yumɓu ya yi masa yawa. Wanda kuka murza da yatsa ya zube, yashi ya yi yawa. Wanda ya tsaya lafiya shi ne naku. A yi shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu. Maginan Kano da Zariya tun da can suna ƙara makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don yaɓen waje ya jure ruwa. Ɗan ruwan ƙaro a shafin ƙarshe na ciki yana hana bango tashin ƙura da ɓata tufafi.

A bisa wannan sai a shafa farar ƙasa. Wadda ta fi ita ce mai ƙuna, wadda ake samu daga gasasshen dutse irin na Figil, a shagunan kayan gini na Marwa da sunanta na Faransanci ake tambayarta, chaux. Tana barin bango ya yi numfashi, funfuna ba ta son zama a kanta, ɗaki ya yi haske har a ga kunama kafin a taka ta. Sai dai tana cin fata, tana iya makantarwa. Mai shafawa ya kare idonsa da hannunsa, a kori yara daga wurin, in kuma ta fantsama a ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a taho asibiti.

Akwai abu biyu da nake roƙon a bari. Na farko baƙin man mota da wasu ke shafa wa gindin bango ko su zuba a kwaɓi don gara. A waje ma ban so shi ba, balle a ɗakin da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Na biyu fentin mai wanda ba a san asalinsa ba. Wasu ana sa musu dalma, ita kuwa dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, illar da ba ta gyaruwa. Tun 2017 Kamaru ta kafa doka ta taƙaita dalmar fenti zuwa kashi 90 cikin miliyan, amma kun fi ni sanin cewa ba kowane gwangwani ne ke shigowa ta ƙofar da doka take tsaye ba. Ku karanta jikin gwangwani, ku tambayi mai shago. In za a kankare tsohon fenti a jiƙa shi tukuna, mai ciki da yara su bar gidan sai an share an wanke.

Game da kashin shanu, tun da garinmu garin kara ne, ranar Alhamis ba a rasa shi: yana ƙara wa yaɓe ƙarfi, ban musa ba. A yi amfani da shi a waje. A ɗakin mai jego ban yarda da shi ba, kuma wanda ya kwaɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa jariri, saboda ƙwayar cutar sandarewar jiki tana zama a cikinsa, ta cibiya take shiga.

Wani zai ce ginin ƙasa na ƙauye ne, alamar rashi. Ku je Pus ku ga ɗakunan Musgum masu tsayi kamar ƙwai, da ƙofar iska a can ƙololuwa inda zafi ke fita, da zanen tudu-tudu a jiki wanda ke raba ruwan sama ya kuma zama matakala ranar gyara. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin yadda iska ke ratsa tsakaninsu. A 2022 aka ba shi Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine a duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓe ta. A nan gida ma gwamnati tana da hukumar MIPROMALO, wadda aikinta shi ne bunƙasa gini da kayan ƙasarmu. Wanda ya riga ya yi ginin bulo kuma bai yi asara ba: ya sa silin, ya ba bangon yamma inuwa, ya zaɓi farar ƙasa a ciki a maimakon fentin mai.

Saura maganar ƙofofi. Sauron zazzaɓi ya fi shigowa ta tazarar da ke tsakanin kan bango da rufi. A wani bincike da aka yi a Gambiya aka buga a 2009, gidajen da aka toshe wannan tazara aka sa musu raga sun sami raguwar sauro da kusan rabi, yaransu kuma sun fi tsira daga ƙarancin jini. Ku toshe ta da ƙasa, amma ku buɗe wata ƙofar iskar a sama ku sa mata raga, in ba haka ba kun kori sauro kun tara zafi. Wannan ba ya ɗauke muku gidan sauro, ba ya kuma maye gurbin maganin rigakafin da muke bi muna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 kowace damina tun 2016. Liƙe tsagogin bango kuwa yana raba ku da kuɗin cizo da kunama.

Wannan ƙofar iska ta sama kada a toshe ta da tsumma ko da hunturu. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri ne farkonta, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji su. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko waje, sannan a kwanta. Cunkoso a rufaffen ɗaki lokacin ƙura shi ne kuma abin da sanƙarau yake so.

Lokacin wannan aiki shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan bango ya bushe sarai, kafin zafi ya sauko. Yaɓen da aka yi a kan jiƙaƙƙen bango ba ya kamawa. Wanda ba zai iya gyara gida duka ba ya fara da ɗakin da mata da yara ke kwana. 'Yan haya ku sami mai gida da maganar tun yanzu, ku nuna masa gindin bangon da idonsa, domin gininsa ne ke lalacewa. Zana da asabari da janye gado daga bango kuwa ba sa bukatar izinin kowa.

Iyayenmu mata, idan muka zo zagayen gida-gida ku ja mu zuwa cikin ɗaki, ku ɗaga mana akwati mu duba bayansa, babu abin kunya a ciki. Mai yaron da tarinsa ya wuce mako biyu kada ya jira gyaran bango, ya kawo shi a gwada shi, don tarin fuka ma haka yake farawa kuma maganinsa kyauta ne. Masu tambaya ina nan gindin rumfa har la'asar.